Bingon Kalmomi: Ku Bar Mu Mu Ƙirga Holoƙon Masu Jawabi



Akwai wani ɗan wasa da ake yi a waya ko a kwamfuta, wanda za mu iya kiransa bingon kalmomi. Da wuya a kawo zancensa a cikin jama'armu ba ka ji an yanke masa ɗaya daga cikin hukunci uku ba. Wani ya ce caca ce. Wani ya ce raini ne ga manya. Wani kuma ya taɓe baki ya ce aikin marasa aikin yi ne. Matsayina a nan shi ne, duka ukun sun yi gaggawa, kuma al'ummar da aka shekara da shekaru ana ciyar da ita kalmomi maimakon aiki, ta fi kowa buƙatar wannan wasa. Sharaɗi ɗaya ne: mu gina shi da harshenmu, mu kuma sa masa ƙa'ida.

Ga yadda yake, domin wanda bai taɓa gani ba. Kati ne mai gidaje 25, biyar a tsaye biyar a kwance. Gidan tsakiya kyauta ne. Sauran 24 ɗin kowanne an rubuta masa wata kalma ko jimla da ake sa ran mai jawabi zai furta. Kana zaune a taro ko kana sauraron rediyo, da zarar ya faɗi wadda ke katinka sai ka soke ta. Wanda ya fara cika layi guda, a tsaye ko a kwance ko a karkace, shi ya ci. Hanyoyin ci 12 ne: layuka biyar na kwance, biyar na tsaye, biyu na karkace. Huɗu daga ciki sun ratsa ta gidan kyauta, don haka kalmomi huɗu kacal suke buƙata.

Bari mu fara da masu cewa caca ce, domin hujjarsu ta fi nauyi, kuma tana da tushe. Asalin bingo na lambobi ne, kuma daga gidan caca ya fito, babu ja. Ana danganta shi da wasan loto na ƙasar Italiya tun ƙarni na 16. A 1929 wani mai sayar da kayan wasan yara na birnin New York, Edwin Lowe, ya tarar ana yin irinsa a jihar Jojiya ta Amurka, ana ɗora ƙwayar wake a kan lambobi, ya kwaso shi ya yaɗa da sunan bingo. A Ingila, bayan dokar caca ta 1960, manyan ɗakunan bingo suka cika gari, mutum ya sayi kati da kuɗinsa, ya ci ko a cinye shi. Wannan caca ce tsagwaronta, kuma babu wanda ke kare ta a nan.

Amma me ya sa caca ta zama caca? Zuba kuɗi ko dukiya ne a kan sa'a, wani ya kwashe, wani ya tashi hannu rabbana. Zanen gidaje a takarda ba shi ne laifin ba. In da zanen gidaje ne, da jadawalin darasin makaranta ma ya shiga uku. A bingon kalmomi ba ka sayen kati, ba ka zuba ko sisi, wanda ya ci ba ya karɓar komai daga aljihun wanda bai ci ba. Ranar da wani ya ce a tara ɗari bibbiyu wanda ya cika layi ya kwashe, to ranar ya mayar da shi caca, kuma ni ne farkon wanda zai tashi daga wurin. Kafin wannan rana, wanda ya kira shi caca ya ji sunan ne kawai ya yanke hukunci.

Shi wannan na kalmomi tarihinsa daban ne. A 1993 wani masanin kwamfuta mai suna Tom Davis, na kamfanin Silicon Graphics a Amurka, ya rubuta wata 'yar manhaja da ke fitar da katuna cike da kalmomin da shugabannin ofis ke yawan maimaitawa a taro, irin kalmomin nan masu ƙyalli da ba sa ɗauke da komai. Turawa suka sa masa suna buzzword bingo. A 1994 zanen barkwancin nan na Dilbert ya ɗauko shi, sai ya bazu a ofisoshi. A 1996, da mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Al Gore, ya je yin jawabi a bikin yaye ɗaliban jami'ar MIT, an rarraba wa ɗalibai irin waɗannan katuna ɗauke da kalmomin fasaha da aka san yana son faɗa. A shekarar ce kuma na'urar aljihu ta Palm Pilot ta fito, kuma da irinta wasan ya bar takarda ya koma tafin hannu, inda mutum zai soke gidansa na kusa da shi bai sani ba. Ka lura da waɗanda suka ƙirƙiro shi: ma'aikata ne da ɗalibai, mutanen da aka tilasta wa zama su saurara, ba su da bakin cewa "Ranka ya daɗe, me kake nufi?" Wasan na ƙasa ne, wanda ba shi da lasifika.

To mu fa? Akwai wanda ya fi mu zama a ƙarƙashin rumfa muna sauraron holoƙo, hadarin kaka? A tuna. An ce mana lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. An yi Vision 2010 a zamanin Abacha. An yi Vision 20:2020, wai Nijeriya za ta shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki a duniya kafin 2020, shekarar ta zo ta wuce. An yi ƙudurori bakwai a 2007, aka yi ajandar kawo sauyi a 2011, aka yi canji a 2015, aka yi mataki na gaba a 2019, aka zo sabunta fata a 2023. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun 1979 aka ƙulla kwangilarsa, har yau ana "daf da farfaɗo da shi". Tashar lantarki ta Mambila a jihar Taraba, mai megawat 3,050, an amince da kwangilarta a 2017 bayan shekaru aru-aru ana zancenta, har yau ko fitila ɗaya ba ta kunna ba. Ban ware jam'iyya ba, ban ware soja da farar hula ba, domin harshen ɗaya ne. Mai riƙe da takardar ne kawai ke sauyawa.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi da wasu masu yin wasan su kansu. Sai mutum ya shiga intanet ya sauko da kati na Turanci, cike da kalmomin ofisoshin Amurka, ya turo wa abokai yana dariya. Wannan kwaikwayo ne marar amfani. Shugaban ƙaramar hukumarku ba da waɗannan kalmomi yake rufe ku ba. Da Hausa yake yi, kuma Hausar tana da nata rumbun. Duk daɗin wasan da duk amfaninsa yana wurin gina katin ne, domin kafin ka cika gidaje 24 dole ka zauna ka tuno abin da aka daɗe ana faɗa maka. Ga somin-taɓi:

Romon dimokuraɗiyya. Masu ruwa da tsaki. Ci gaba mai ɗorewa. Nan ba da jimawa ba. An kafa kwamiti. Za a gudanar da bincike. Duk wanda aka samu da hannu. Doka za ta yi aikinta. Tsauraran matakai. An shawo kan lamarin. Wasu ɓata-gari. Gwamnatin da ta shuɗe. Mun tarar da baitulmali wayam. Inganta rayuwar al'umma. Samar wa matasa aikin yi. Dogaro da kai. Wayar da kan jama'a. Lungu da saƙo. Ba dare ba rana. A ƙara haƙuri. Shirye-shirye sun yi nisa. Ba za mu lamunta ba. Manyan gobe. Irinsa na farko a tarihi.

Ashirin da huɗu ke nan cif. Ka karanta su a jere, ka faɗa mini gaskiya: ba ka ji kamar ka saurari cikakken jawabi ba? Ga gaisuwa, ga alƙawari, ga zargin na baya, ga lallashi. Abin da babu shi ne nawa, a ina, yaushe, kuma wa zai yi.

Ka duba wani abu a cikin jerin nan. An kafa. Za a gudanar. An shawo kan. Aka samu. Hausa tana da wannan hanya ta faɗin aiki ba tare da ambaton mai aikin ba, kuma hanya ce mai kyau a inda ake son sakaya ko kunya. Amma a bakin mai riƙe da amanar jama'a ta zama mafaka. "Za a gyara hanyar" ba ta ɗora wa kowa kaya ba. "Ma'aikatar ayyuka za ta gyara kilomita 12 kafin watan Maris" ta ɗora wa wani. Na farko ba za ka taɓa kama shi da ƙarya ba, domin bai ce komai ba. Wanda ya yi wata guda yana wannan wasa, kunnensa zai fara tsinto wannan "za a" ɗin ko cikin barci. Wannan kaɗai ya isa riba.

Haɗa katin ba ya buƙatar sayen wata manhaja. Mai kwamfuta ya buɗe Excel ko Google Sheets. A layin farko na tsaye ya jera jimlolinsa, gara su kai 40 ko 50 domin katuna su bambanta sosai. A layi na biyu, gefen kowace jimla, ya rubuta =RAND() wanda ke fitar da lamba ta kan-mai-uwa-da-wabi. Sai ya umarci manhajar ta jera komai bisa wannan layi na biyu. Jimlolin za su cakuɗe, ya ɗebi 24 na sama ya zuba a gidaje. Ya sake jerawa, ya sami sabon kati. Ko da jimloli 24 ne kacal a hannunka, yawan hanyoyin da za a iya jera su lamba ce mai alƙaluma 24, don haka kada ka damu da cewa katin wani zai zo daidai da naka. Mai waya kuma ya ɗauki hoton allon, ya tura a WhatsApp, kowa ya buɗe nasa ya riƙa sokewa da alƙalamin zane da ke wurin gyaran hoto. Wanda ya fi son takarda ya kai shagon buga takardu, ko ya ja layi da biro a bayan tsohon kati na ɗaurin aure.

Abu biyu ne ke ba mai rubuta Hausa matsala a nan. Na farko haruffa masu lanƙwasa. Ka sa allon rubutu na Hausa a wayarka, Gboard yana da shi, domin ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. In ka ga wani ɗan akwati ya fito a madadin harafin, salon rubutun da ka zaɓa ne bai san shi ba, ka sauya wani. Na biyu, Excel da Google Sheets suna haɗiye alamar ɗaurin da ke farkon gida, don haka in ka rubuta 'yan siyasa sai ka ga ya koma yan siyasa. Maganinsa ka buga alamar sau biyu a farko. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ sun huta da wannan.

Sai kuma ƙa'idar da nake ganin ita ce ke raba wannan wasa da shaƙiyanci. Ba a soke gida idan mai jawabi ya bi kalmar da adadi, da wuri, da rana. Idan ya ce "samar wa matasa aikin yi" ya wuce, soke. Idan ya ce za a ɗauki malaman firamare kaza, a ƙananan hukumomi kaza, za a buɗe karɓar takardu ranar kaza, to ajiye alƙalaminka, ka buɗe wani shafi ka rubuta alƙawarin da kwanan watan da aka yi shi. Da wannan ƙa'ida, shugaban da ya zo da magana mai nama a jiki ba wanda zai cika layi a kansa. Shi ya ci mu, kuma muna murna da ya ci mu. Kalmomin kansu ba su da laifi. Ci gaba mai ɗorewa suna ne na muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, kowanne da ma'auninsa, kamar yadda muradun ƙarni takwas suka gabace su daga 2000. Laifin yana wurin wanda ya ɗauki sunan ya jefar da ma'aunin.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa raini ne ga manya. Ina tambaya: wa ya fara raina wani? Mutumin da ya tara dattawa da mata da yara 'yan makaranta a rana tun hantsi, ya iso bayan azahar, ya karanto takardar da bai rubuta ba, wadda da za a ba wanda ya gada ya karanta a wani gari babu abin da za a sauya sai sunan garin, shi bai raina kowa ba? Sai wanda ya zauna shiru ya ƙirga kalmominsa ne marar kunya? A duk rumfar nan babu mai sauraron jawabin da kunne biyu kamar mai kati a hannu. Sauran suna jiran a raba abin da za a raba ne su watse.

Kuma kada a ce mana baƙon abu ne a al'adarmu. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa sai ta bakin wasa. 'Yan kama suna kwaikwayon salon masu karatu su juya shi zuwa zancen tuwo da miya, jama'a na dariya har da waɗanda ake kwaikwaya. Tashe a watan azumi cike yake da hannunka-mai-sanda ga mai rowa da gwauro da malalaci. Makaɗan fada suna da zambo da habaici. Akwai wasan taubasai, akwai na Fulani da Barebari, akwai na Kanawa da Zagezagi. Al'ummar da ta gina wa raha irin waɗannan ɗakuna ba za ta ce ɗan kati mai gidaje 25 ne zai rushe mata tarbiyya ba. Wanda ya fi kowa tayar da jijiyar wuya a kan wasan nan, a duba da kyau, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Duk da haka akwai iyaka, kuma ina faɗinta da babbar murya. Ba a yin sa a masallaci ko coci, ba a yin sa a kan huɗuba ko wa'azi, ba a yin sa a zaman makoki. Ba a sa addu'a ko ambaton Allah a gidan kati. Ba a sa zagi, ba a sa sunan ƙabila, ba a sa lahanin jikin mutum ko in'ina ko karin harshensa. Ba a miƙewa tsakiyar taro a yi ihu. Abin da muke farauta shi ne maganar da ba ta da ciki, ba mutuncin mai maganar ba. Wanda ya tsallake wannan ya bar wasanmu ya shiga nasa.

Akwai kuma masu son su mayar da shi makamin jam'iyya, su yi kati a kan gwamnan da ba nasu ba, in nasu ya hau mumbari su ajiye waya su tafa. Ku ma ba ku tsira ba. Gwajin kati mai kyau shi ne ya yi aiki a kan kowa. In katinka ba ya kama ɗan takararka, to ba kati ka haɗa ba, fosta ka buga. Laifi tudu ne. Haka nan marubutan intanet da masu sharhi a rediyo, su ma a yi musu nasu: Arewa ina mafita, matasa mu farka, lokaci ya yi, abin takaici ne, an bar mu a baya, sai mun haɗa kai. Waɗannan ma holoƙo ne in ba a bi su da wa zai yi me ba. Ƙungiyoyin agaji da tarukansu na ƙara wa juna sani a otal, su ma katinsu ba zai yi wuyar cika ba.

Saura masu cewa aikin banza ne. In a dariya aka tsaya, suna da rabin gaskiya. Dariya tana iya zama maganin barci, mutum ya yi ta ya ji kamar ya yi wani abu alhali bai motsa ba. Shi ya sa shafi na biyu ya fi katin muhimmanci, wato inda ka rubuta alƙawarin da ya zo da adadi da rana. Nijeriya tana da Dokar 'Yancin Samun Bayanai tun 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Gidan da ka soke na "an kafa kwamiti" tambaya ce a kwance: su wane ne a ciki, yaushe za su miƙa rahoto, ina rahoton na bara? Gidan "shirye-shirye sun yi nisa" shi ma haka: nawa aka ware a kasafin kuɗi, nawa aka fitar, wa aka ba kwangilar? Katin da ya cika, jerin tambayoyi ne da za ka iya kai wa kansilanku, ko ka yi su a shirin rediyo na kiran waya, ko ka miƙa wa ɗan jarida.

Ko a aji ma wasan yana da gurbi. Malamin Hausa zai iya cika gidajen da tagwayen kalmomi irin su kafa da ƙafa, baki da baƙi, kura da ƙura, bari da ɓari, ya riƙa furtawa yara suna nema. Yaron da ya soke kura alhali ƙura aka ce, nan take zai gane amfanin lanƙwasar da yake raina wa. Wanda ya koyi sauraron kalma da kyau yana ɗan shekara tara, da wuya a sayar masa da iska yana ɗan talatin.

Don haka ga abin da nake nema a wannan mako. Kowa ya haɗa katinsa da Hausar garinsu, domin holoƙon Sakkwato ba lallai ya zama na Damagaram ba. Ya zaɓi jawabi ɗaya da za a watsa a rediyo ko talabijin, na kowane ɓangare. Ya riƙe ƙa'idar adadi da wuri da rana. Sannan ya zo ya faɗa mana abu biyu: minti nawa aka ɗauka kafin layinsa ya cika, da kuma alƙawari nawa ya samu da suka cancanci shiga shafi na biyu. Masu jawabi kuma, hanyar kayar da mu a buɗe take, ba ta buƙatar jami'an tsaro ko masu mayar da martani. Ku faɗi nawa ne, a ina, yaushe, wa zai yi, sannan ku cika. Alƙawari kaya ne.

Allah Ya ba mu shugabanni masu faɗa da cikawa, Ya ba mu kunnen rarrabewa. Wanda ke da ja, fili nasa ne, amma ya zo da hujja.